Wankin Babur a Sanyin Bronx

Tun da na dawo ban huta ba. A majalisar Ado mai faci, a ƙofar masallaci, har a wurin zaman makoki, sai mutum ya matso ya rage murya ya ce, "Malam Sale, wai yaya Amurka?" Na san ba Amurka ce ta dame su ba. Hoton nan ne, wanda ya riga ni isowa Kano da wata guda, yake ta yawo a wayoyin mutanen da ko gaisawa ba ma yi. To na gaji da yi wa kowa bayani shi kaɗai. Zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ni a aji biyu na sakandare na tsaya, mai neman Hausar malamai ya je ya nemi malami.

Da farko ku tuna ko wane ne ni, don na ga wasunku sun manta. Shekara ashirin da biyu na yi ina acaba a garin nan. Na ɗauki rago, na ɗauki firji, na ɗauki mace da 'ya'yanta uku da buhun gero, ban taɓa kayar da kowa ba. Kuma duk tashar Kurna babu babur mai tsabtar nawa. Kullum da safe sai na wanke shi, bokiti uku, ɗaya na kumfa, biyu na ɗauraya. Rannan aka wayi gari aka ce an hana acaba. Na koma zaman benci ina kallon yaran da na koya wa canjin giyar babur suna wucewa a adaidaita, ko hon ba sa yi mini.

Ina da ƙane, Nasiru, wanda ni na koya masa hawan keke. Yana New York yana tuƙa tasi. Ya cike mini takardun tafiya tun gemuna yana baƙi, ba su fito ba sai da ya yi furfura. Da suka fito, matata Larai ta ce in je, ko ba komai bencin ya huta.

Jirgi ya ɗauke mu daga Abuja, muka sauka wata ƙasar Turai muka yi zaman jira a kan kujerar ƙarfe har ƙafata ta mutu, sannan wani jirgin ya haye teku da mu. Abincin jirgi ba zan ɓata takarda a kansa ba. Na ci burodin, na mayar musu da sauran.

A filin jirgin New York muka bi layi irin na gidan mai, sai dai babu mai tsallake wani. Wani kare ya zo ya shinshina akwatina, da kayan sarki a jikinsa, wai shi ma ma'aikaci ne. Nan take na san sai na wanke akwatin. Aka ce in buɗe. Jami'in ya ga sifanonina, bai damu ba. Sai ya ɗago sosona, irin na yaɗon nan da ke bin katangar gidanmu, wanda nake dirje tayoyi da shi. Ya girgiza, baƙaƙen 'ya'ya uku suka faɗo a kan tebur. Sai ka ce harsashi ya gani. Ya kira wani, suka sa safar hannu, suka ƙulle soso a leda. Na ce masa da ɗan Turancin da nake da shi, na wanki ne. Ya ce ya sani, amma iri ne, ba zai shiga ba. Ƙasar da ta aika mutum duniyar wata, ga ta tana tsoron soso.

Gidan Nasiru yana Bronx, unguwar da suke kira Morrisania, hawa na huɗu, kuma da ƙafa ake hawa. Masu cewa na je na kwana a bene, e, a bene na kwana, a kan doguwar kujerar falo, ƙafafuna suna lilo. Akwai wani ƙarfe a jikin bango mai ɗumama ɗaki, in ya tashi aiki sai ka rantse maƙeri ne a ciki. Matar Nasiru tana aikin kula da tsofaffi, ranar Lahadi take tuƙa tuwon sati guda ta jera a firji. Na ci tuwon Lahadi ranar Alhamis. A Kano in mace ta yi haka sai an tara dangi. A can kuwa har godiya ake yi mata, ni ma na yi, don tuwon ba nawa ba ne, kujerar ma ba tawa ba ce.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ni ne babba, amma ƙanena ne ke ce mini, "Yaya, a rage wutar nan," "Yaya, ba a tofar da yawu ta taga." Ya kai ni na yi jarrabawar lasisin babur. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu a titin Katsina, wata mata ta jera masa robobi ta ce ya zagaya ta gani. Na zagaya da hannu ɗaya don ta san da wa take magana. Ta kayar da ni. Sai a karo na biyu, da na yi tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, sannan ta ba ni.

A masallacin unguwar, wanda shago ne aka shimfiɗa wa kafet, Nasiru ya haɗa ni da Alhaji Issufu, mutumin Maraɗi, ƙato, mai shagon jakunkuna da huluna a Canal Street.

Ya ce, "Malam Sale, an ce mini kai mutumin moto ne."

Na ce, "Ba a yi maka ƙarya ba."

Ya ce, "Bon. Ni za ni gida wata biyu, tsohuwata ba ta jin daɗi. Mutumin Mali da ke kai mini kaya ya samu aikin tirela ya tahi. Ga moto, ga makulli. Kullum ka ɗauko kaya daga sito nan Bronx ka kai wa ƙanena a shago. Amana ce. In na komo na iske moto wanga ya ci sanyi bai mutu ba, aikin naka ne har ka gaji. In na iske shi ya lalace, sai mu riƙa gaisawa a masallaci."

Na karɓi makullin nan da hannu biyu. Ku ba za ku gane ba. Makullin nan shi ne ɗakin kaina, shi ne tuwon da aka tuƙa yau, shi ne hanyar da Larai da yara za su biyo ni. Wata biyu kawai zan riƙe babur lafiya, ni da na riƙe babur shekara ashirin da biyu.

Alhaji ya ce kafin sanyi ya kankama in kai shi a shirya shi wurin Masta Yakubu, wani bakanike ɗan zangon Kumasi mai gareji a University Heights. Shi da matarsa Hajiya Fusaina a benenmu suke, ƙofa da ƙofa da Nasiru. Ni dai ban taɓa jin an shirya wa babur shiga sanyi ba, sai ka ce mahajjaci. Amma na kai.

Masta yana ganin babur ɗin ya riƙe ƙugu. "Ei, Malam Bakano! Wa ya cire madubi?"

Na ce, "Ni."

"Don me?"

"Wanda ke bayana ba matsalata ba ne, shi ya kula da ni."

"To nan ɗan sanda ne ke bayanka, kuma zai kula da kai paa. Kawo su."

Na zaro su daga jaka ya mayar. Sai maganar baƙin mai. Na ce a zuba mini mai kauri, wanda in ka ɗiga a yatsa yake jan zare, don shi ne mai. Masta ya juya. Ya buɗe firjin da yake ajiye kifi, ya ɗauko wani kofi ya kifa shi a gabana. Ko ɗigo bai zubo ba. Man ya daskare kamar kakide. Ya ce, "Wannan kofi don mutanen gida masu gardama na ajiye shi. Kai ne na tara." Ya zuba wani mai tsinkakke kamar shayin gidan makoki, wai shi ne na sanyi.

Ya zo kan tayoyi. Dama na ba su iska sun yi tauri kamar dutse, yadda muke yi don kaya. Ya sa geji, ya kama kai, ya rage iskar, wai taya mai tauri ba ta kama titi in ya jiƙe. Ta baya kuwa cire ta ya yi gaba ɗaya, wai zanenta ya cinye. Tayar da a Kano za ta yi shekara biyu sannan a yi takalmi da ita. Ya shafe sarƙa da giris, ya ɗiga mai a wayar birki da ta kuloci, ya canza fulogi. Ya ɗaura wasu abubuwa a kan hannun babur kamar matasan kai guda biyu, wai a ciki zan riƙa cusa hannuwa. Sannan ya nuna batir ya ce duk ranar da sanyi ya tsananta in cire shi in hau da shi ɗaki ya kwana.

Na ce, "Hawa huɗu? In goya shi ko in rungume shi?"

Ya ce, "Yadda ka ga dama, Malam. Saura abu ɗaya, shi ne babba. In sino, dusar ƙanƙarar nan, ya fara sauka, gishiri suke zubawa a titi. Gishirin nan yana cin ƙarfe. Sati biyu ka ga tsatsa ta kama salansa. Dole ka riƙa wanke shi. Amma in za ka wanke..."

Nan na ɗaga masa hannu. Na haƙura da madubi, na haƙura da mai, na haƙura da taya. Amma wanki? Na ce, "Masta, tsaya nan. Ka koya mini mai, ka koya mini iska. Wankin babur kam, lokacin da na fara shi kai kana tallan dokunu, tuwon masarar nan naku, a Kumasi."

Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, Malam. Kai ka sani o."

Sau da yawa ina tuna wannan hannun da na ɗaga. Amma har yau ina cewa shi ma da laifinsa. Mutum in yana da magana ai sai ya ƙarasa.

An gama da babur, saura ni. Na zo da wata rigar sanyi da na saya a gwanjon Ƙofar Wambai, mai ita ya rantse mini daga Amurka aka kawo ta. To ta koma gida, kuma nan na gane dalilin da ya sa suka rabu da ita. Ranar farko da iska ta buso a kan gadar da ake hayewa zuwa Manhattan, sai na ji kamar tsirara nake. Na dawo haƙorana suna kaɗawa. A matakala na haɗu da Hajiya Fusaina, ta dube ni ta ce, "Ei! Bakano, za ka mutu ka bar mu da wahalar kai gawa Kano. Shigo."

Ta zuba mini wake da shinkafa irin nasu, ja, da wani baƙin yaji da ya sa na ji kunnuwana sun dawo jikina. Sannan ta koya mini sa kaya. Wai ba riga ɗaya mai kauri ake sawa ba, hawa-hawa ake yi kamar albasa. Singileti mai dogon hannu, sai suwaita, sai jarida a ƙirji, sai rigar da iska ba ta ratsawa. Safa biyu, da ledar burodi a tsakaninsu. Ƙyalle a wuya har hanci. Hular kwanon Alhaji, wadda ke ƙamshin turarensa, a goga wa gilashinta sabulun wanke-wanke don kada numfashi ya rufe mini hanya. Duk na yarda. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani abu ta miƙo mini.

Wando ne na mata, matsattse, mai gashi-gashi a ciki. Ja ne, da manyan furanni ruwan ɗorawa.

Na ce, "Hajiya, ni Bakano ne, ina da 'ya'ya biyar."

Ta ce, "In kana so ka ƙara na shida, sa wannan a ƙarƙashin wandonka. Wa zai gani? Masta ma yana sawa."

Na sa ta ta yi alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba. Kuma gaskiya ɗaya ce, wandon nan ya yi aiki. Duk abin da na gani a Amurka, babu abin da ya cika alkawari kamarsa.

Haka na riƙa fita kullum kamar buhun gawayi a kan babur. In na isa Canal Street sai in sauke kaya a cikin cunkoso, ga 'yan China, ga Sanigal, ga mutanenmu na Nijar, kowa yana kiran mai saye. Abincin rana a tsaye ake ci, wani burodi mai faɗi da cuku a kai, a naɗe shi kamar tabarma a tura. Wahalar ita ce alwala. Kafin in cire safar hannu, in kwance ƙyalle, in zare takalmi da safa da ledar burodi, liman ya kai raka'a ta uku. Kuma ina naɗe ƙafar wando da dabara, ina waige-waige, kada fure ya leƙo.

Sai dusar ƙanƙara ta fara sauka, abin da suke kira sino. Kyau dai tana da shi na awa ɗaya, daga nan ta koma kamar kwatar Sabon Gari. Da safe na sauko na tarar da mai kula da benen, wanda suke kira sufa, wani gajere mai yaren Sifaniyanci, yana watsa gishiri a ƙofar gida da hannu, kamar mai ba kaji dawa. Gishiri! Abin da tsohuwata in ƙwaya ɗaya ta zube sai ta tsince. Nan mutane suna takawa da takalmi. Kuma ga shi har gindin babur ɗin Alhaji, wanda nake ɗaurewa da sarƙa a bakin hanya daidai ƙofar. Abin da Masta ya ce yana cin ƙarfe, shi aka kewaye mini amana da shi.

Na hau na ɗauko tsintsiya na share shi tas. Sannan na sauko da bokitina uku daga hawa na huɗu, na wanke babur ciki da bai, da tsohon burushin haƙori tunda sun ƙwace mini soso. Sufa ya fito yana ta ihu yana nuna ƙasa. Ni ma na yi masa ihu ina nuna salansa. Shi bai ji Hausa ba, ni ban ji nasa ba, muka rabu kowa yana ganin ya yi nasara. Haka muka yi ta yi har sati biyar. Ya zuba, in share, in wanke, in tafi. Ashe ina ba da baya yake sake zubawa, shi ya sa ban taɓa ganin illar abin ba. Nasiru ya ce, "Yaya, sufa ya kawo ƙara fa, wai ruwan nan..." Na ce, "Nasiru, ka tsaya a kan tasinka."

Ranar da Alhaji zai dawo Lahadi ce, cikin Janairu, sufa ba ya aiki. Nasiru ne ya je ɗauko shi da sassafe, kuma Alhaji ya ce kafin ya ga iyalinsa sai ya ga motonsa. Ranar an yi wani sanyi da ban taɓa ji ba, irin wanda gashin hanci ke ƙagewa. Babu sino, gari garau, rana ma ta fito, amma ranar banza, kamar hotonta aka liƙa. Bayan na idar da asuba gari ya yi haske, na ce yau ranar nuna aiki ce. Na share gishirin jiya. Na yi wankin da ban taɓa yi wa babur ɗin kaina ba, bokiti shida maimakon uku. Na goge shi har ina ganin furfurata a jikin tanki. Na sauko da batir daga ɗaki na ɗaura. Sannan na koma kan dakalin ƙofa na tsaya, hannuwa a baya. Ƙasa tana ta sheƙi tun daga ƙofa har bakin titi. Na ce a raina, ko ƙasar ma ta yi kyau.

Ni a sanina ƙanƙara fara ce. Babu wanda ya gaya mini akwai wadda ba ta da launi.

Tasin Nasiru ta tsaya. Alhaji ya fito cikin babbar riga shuɗiya, da takalmin fata mai sulɓin ƙasa irin na Maraɗi, da ledar dabino a hannu, tsarabata. Ya hango babur ya washe baki. "Malam Sale! Masha Allahu! Wanga moto nawa ne kuwa?"

Ya yi taku ɗaya. Ya yi na biyu. A na uku ƙafafunsa biyu suka tashi sama tare, babbar riga ta buɗe kamar laima, dabino ya watse, Alhaji ya sauka da baya, ya zarce a kwance kamar an turo buhu, bai tsaya ba sai da kansa ya shige ƙarƙashin babur.

Na yi salati na diro daga dakali don in ɗaga shi. Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma. Wandona na sama, wanda dama kaya sun cika shi, ya ce ɓarrr, tun daga gaba har baya. Na faɗi rub da ciki, na juya kamar fanka, na tsaya ina fuskantar ƙofa, bayana yana fuskantar titi. Nasiru ya taho da gudu, ya ga abin da ya same mu, ya rungume fitilar titi ya tsaya a nan. Tagogi suka fara buɗewa. To hoton da kuke gani ke nan. Wanda ke ƙarƙashin babur Alhaji ne. Furannin kuma ni ne. Ban san wanda ya ɗauka ba, amma daga hawa na huɗu aka ɗauka, kuma na ji muryar Masta daga sama yana cewa, "Malam! Abin da zan ce maka ke nan rannan! A cikin gareji ake wankewa, da ruwan ɗumi!"

Na ja ciki na isa wurin Alhaji. Yana kwance, idonsa a buɗe, yana kallon cikin babur daga ƙasa. Na tsorata. Can ya ce a hankali, "Malam Sale."

Na ce, "Na'am, Alhaji. Sannu, Alhaji."

Ya ce, "Wallahi ko ranar da na saye shi bai kai haka haske ba. Babu tsatsa ko ɗigo. Har ƙarƙashin salansa." Ya yi nishi. "Ba ni makullin."

Hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu, ƙugu kuma ya bugu. Bayan kwana uku na je duba shi, na tarar da shi a kishingiɗe da farin filasta har gwiwar hannu. Na gaya masa gaskiya, don ni ba na ɓoye-ɓoye. Na ce, "Alhaji, amanar babur ka ba ni. Ka ce in ka same shi lafiya aikin nawa ne. Ka same shi lafiya, da bakinka ka faɗa, kana kwance ma ka faɗa. Ba ka ba ni amanar ƙugunka ba."

Ya ce, "Gaskiyarka. Moto lahiyarsa lau. To amma Malam, ni ina da mata da ɗiya da masu sayen kaya, kuma dukkansu a ƙasa suke tahiya. Mutumin da aka yi wa magana sau uku bai ji ba, bakanike ya yi, sufa ya yi, ƙanensa ya yi, ina tsoron ranar da zai ga shagona da datti."

Ya ba wani Bazabarme aikin. Na ga babur ɗin bayan sati biyu, ya yi futu-futu, gishiri ya yi masa fari har tanki. Babu wanda ya ce da Bazabarmen komai. A can haka abin yake, mai ƙazanta shi ne mai hankali.

Ni kuwa sunana ya tashi daga Malam Sale ya koma Sale Fure, tun daga Morrisania har Canal Street. A sahun salla sai in ji na bayana yana tari irin na mai danne dariya. Hajiya Fusaina ta ce ita dai ta cika alkawari, ni na tona kaina. Nasiru, Allah ya saka masa, ya yi ƙoƙari. Ya zo ya zauna a bakin kujerata ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, za a manta. Na yi maka magana a wani wurin wankin motoci, suna neman mutum."

Na ce, "Nasiru, shekara ashirin da biyu ina gudu da mutane ban kayar da kowa ba. Na zo garinku na kayar da Alhaji da babur a tsaye, ko tayar da shi ba a yi ba. In dai wanki zan yi, gara in je in yi a inda ruwa ya san aikinsa."

Shi ya sa kuka gan ni. Ba koro ni aka yi ba, kamar yadda Ado mai faci yake faɗa, da ƙafata na hau jirgi. Na buɗe wurin wankin adaidaita a bayan tashar Kurna. A nan in ka zuba ruwa a ƙasa, ƙasa ta shanye abinta, ba ta ajiye shi ta jira babban baƙonka. Sosona yana nan a katanga yana yaɗo, babu mai sa masa safar hannu.

Masu tambayar wandon kuma, yana nan. Larai ta same shi a akwati, mun yi magana mai tsawo, hoton ne ma ya cece ni. Na yanka shi gida huɗu, kuma duk Kano babu tsumman da ya kai shi goge gilashi. Wanda ya kawo adaidaitarsa zai gani da idonsa. Wanda kuma ya zo yana miƙo mini waya yana murmushi, ya sani har yanzu bokitina uku ne, kuma na ukun ba dole sai a kan babur zai ƙare ba.